Bayan An Rage Mini Tumbi, Na Yi Gaggawa

Salama a gare ku, iyayena da 'yan'uwana, cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya riƙe numfashina har na tsaya a gabanku yau. Yabo ya tabbata ga sunansa!

Ku yi mini haƙuri, zan yi magana ina dafe da bencin nan. In kun ga na yi shiru, ba mantuwa na yi ba, ƙarfi nake tattarawa.

Saboda baƙin da ke cikinmu, sunana Rifkatu, amma a unguwa Maman Hannatu ake ce mini. A Garwa aka haife ni, aure ya kawo ni Yaounde. Maigidana Ayuba tela ne, shagonsa yana nan unguwar Briqueterie, wadda muke ce wa Brik, cikin layin masu ɗinki. Ni kuwa girki ne sana'ata. Biki, suna, walimar masu dawowa daga Makka, duk ni ake kira. Maƙwabtanmu Musulmi sun yarda da hannuna, sun san wajen mahautan unguwa nake sayen nama, sun san tsabtata. Shekaru na yi ina ciyar da mutanen Brik, kuma ba zan ɓoye muku ba, ni ma na ciyar da kaina fiye da kima.

Waɗanda suka san ni a da sun san yadda nake. In na shigo wuri sai a fara yabo: "Kai, Maman Hannatu, lallai Baban Hannatu ya iya kiwo!" Ina dariya tare da su. Ba su san in na koma gida sai an kama ni kafin in tashi daga tabarma ba. Hawan tudun Tsinga ya gagare ni. In na tsaya bakin titi ina kiran inda za ni, mai taksi zai rage gudu, ya leƙo ya dube ni daga sama har ƙasa, ya taka motarsa ya wuce. Ciwon suga ya zo, tansiyon, wato hawan jini, ya biyo baya, gwiwoyina suka kumbura. Barci ma sai a zaune, domin in na kwanta numfashi yankewa yake yi.

Na sha jiƙe-jiƙe iri-iri. Na yi azumi da sunan addu'a, alhali rama nake nema. Duk abin da ya sauka sai ya dawo da ƙari.

Wata rana likitan da ke duba ni ya ajiye sakamakon gwaji, ya cire tabarau ya ce, "Madam, ƙodarki ta fara gajiya. In muka ci gaba a haka, ban san ko za ki ga auren 'yarki ba." Hannatu kuwa ko lise, wato sakandare, ba ta gama ba. Ya tura ni wajen wani likita mai tiyata, shi ya bayyana mini cewa akwai aikin da ake yi wa irina: a yanke babban sashe na tumbi, wato jakar da abinci ke sauka a cikinta, a bar kaɗan.

Na kira yayata Laraba a Garwa. Ita ta raine ni bayan rasuwar Innarmu, kuma jikinmu ɗaya, ciwonmu ɗaya. Ta ce, "Rifkatu, kanki ɗaya kuwa? Cikin da Allah ya ba ki lafiyayye za ki kai a yanka? Mu ai haka gidanmu yake."

Na ce, "Yaya, haka gidanmu yake, haka kuma gidanmu yake mutuwa. Inna ta yi furfura ne kafin ta tafi?"

Can ta ce, "To, Allah ya fid da ke. Amma kada ki gaya wa mutane, za su ce kin raina halittar Allah."

Na riƙe wannan shawarar da hannu biyu. Ban da mutanen gidana, Fasto da matarsa Mama Fasto kaɗai suka sani. Duk wanda ya tambaya sai in ce ƙaramin aiki ne irin na mata.

An yi aiki lafiya. Na farka na ce, haleluya, an gama! 'Yan'uwa, ashe ba a ma fara ba.

Kafin a sallame ni, likita ya zaunar da ni da Baban Hannatu. Ya ce, "Madam, nawa aikin shi ne mai sauƙin. Naki yanzu zai fara, kuma ba ya son sauri. Ruwa da cokali tukuna. Bayan nan romo tatacce, bayan nan kunu mai ruwa-ruwa, sannan abu mai laushi. Kada ki sha ruwa a kan abinci. Kada ki ɗaga abin da ya fi butar shayi nauyi. Doucement, Madam, doucement." Wato sannu-sannu. Na ce to, na ji. Amma a kunne maganar ta tsaya.

Na dawo gida. Kun san Brik da yamma. Hayaƙin masu suya yana tashi daga kowane lungu, ƙamshin yaji da kitse yana shigowa ko ka rufe taga. Ni da nake dafa wa taro shinkafa, ga ni zaune da ɗan ƙaramin kofi ina kurɓar ruwa kamar jaririya. In na yi kurɓa biyu a jere, ƙirjina ya ɗaure kamar an cusa dutse. Yunwa ba ta cikina, amma tana bakina, tana idona. Ban taɓa sanin cewa duk lokacin da raina ya ɓaci tukunya nake nufa ba, sai da aka raba ni da tukunyar. Yanzu rai ya ɓaci, babu wurin zuwa.

Hannatu ce ta karɓi murhu. In ta gama, sai in shige ɗaki in ja labule. Ita da babanta suna ci a tsakar gida, suna lallaɓawa kada cokali ya yi ƙara a kwano saboda ni. Gidan da muke cin abinci da surutu da dariya ya koma kamar gidan makoki. Wannan shirun ya fi mini ɗinkin ciwo.

Jiki ya fara zubewa. Da farko na yi murna, domin suga ya sauka, likita ya rage mini magani. Baban Hannatu yakan kwashi rigunana ya tafi da su shago ya rage, bai gama dawo da wannan ba waccan ta yi yawa. Amma kumatuna suka faɗa, wuyana ya fito, fatar hannuna ta saki tana reto. Gashina ya fara bin mataji. Sanyi nake ji ko da rana tsaka.

Sai magana ta fara yawo.

Kun san sunan da ake ba mutumin da ya rame da sauri a garin nan. Ba a faɗa a gabanka, sai ka wuce. Ciwon zamani. Mai tumatir da muka saba wasa da ita ta daina miƙo mini kaya a hannu, sai ta ajiye a gefen tebur in ɗauka. Wata da ta riga ta yi mini maganar sunan jikanta ta aiko cewa sun fasa taro, a cikin gida kawai za su yi. Ranar sunan na ga hayaƙin wata mai girki a ƙofarsu. A shago, wani ya tambayi maigidana cikin raha ko shi ma ya je an duba shi. Bai gaya mini ba, a bakin wasu na ji.

Hannatu ta dawo daga makaranta wata rana, ta jefar da jaka, ido jawur. Ta ce, "Mama, ki gaya musu mana! Me ya sa ba za ki gaya musu ba? Kin san abin da ake ce mini a aji?"

Na ce, "Ba ruwan kowa da cikina."

Ta ce, "To ni fa?"

Na shige ɗaki na ja labule.

Har a nan, cikin gidan Ubangiji, wata Lahadi na zauna, na ga an ɗan matsa. Ba zan kira suna ba, na yafe tuni. Na faɗa ne domin mu san kanmu. Kuma bari in ƙara da wannan: akwai masu ɗauke da wancan ciwon da gaske a unguwarmu. Abin da na ɗanɗana na ɗan lokaci, shi suke sha kullum. Allah ya gafarta mana!

Ana cikin haka, Hajiya Asabe ta shigo gidana. Ita ce maƙwabciyarmu ta katanga ɗaya, mai sayar da atamfa. Kakanninta daga Kano suka zo, amma a nan Brik aka haife ta. Ɗanta Sani zai yi aure. Ta zauna ta ce, "Maman Hannatu, na so a ce ke za ki riƙe mini girkin walima, amma na ga jikin naki. Ki huta abinki, in sa wata."

Da alheri ta faɗa. Ni kuwa abin da na ji shi ne ita ma ta yarda da maganar mutane. Na miƙe tsaye na ce, "Hajiya, lafiyata ƙalau. Ni zan yi."

Da Baban Hannatu ya ji, ya ce, "Maman Hannatu, likita bai ba ki izinin aiki ba fa. Ko randebu na gaba da ya ce mu koma ya duba ki ba mu je ba."

Na ce, "Likita ba a Brik yake zaune ba. Ba shi ake nunawa da baki ba."

Ya dube ni ya daɗe, ya ce, "To ki zauna a kujera ki riƙa nuni, wasu su yi aikin. Ki yi mini alkawari."

Na yi masa alkawari.

Ranar walima na ci ɗamara tun da safe. Da farko nuni nake yi da hannu kamar yadda na ce. Sai na ga masu taya ni suna jan babbar tukunyar shinkafa za su kifar, na kuma ga mata a ƙarƙashin rumfa sun zuba mini ido suna ƙus-ƙus. Na ture masu aikin na kama kunnen tukunya na ɗaga. Na ji wani abu ya ce tas a cikina, kamar zare ya tsinke. Na cije leɓe na ci gaba.

Da aka zauna ci, wata dattijuwa daga dangin amarya ta ɗaga murya ta ce, "Yau mai girki ba ta ɗanɗana girkinta ne?" Duk ido ya dawo kaina. Na ce a zubo mini. Na zauna a tsakiyarsu, na cika hannu da shinkafa, na ɗauki tsokar nama na haɗiye ban tauna sosai ba. Na ƙara. Na kora da lemon kwalba mai sanyi. Ina murmushi, ina dubansu ɗaya bayan ɗaya, su ga lafiyata.

Ba a jima ba gumi ya karyo mini. Zuciyata ta shiga bugawa kamar za ta fito, idona ya yi duhu. Na yunƙura in tashi in fita, ƙafa ta ƙi. A nan, a gaban dangin ango da na amarya, a kan tabarmar Hajiya, na amayar da komai, har da jini. Abin da na ji na ƙarshe shi ne ƙarar kwanuka, mata suna ja da baya, da muryar Hajiya tana cewa, "Ku nemo mota! Ku kira Malam Ayuba!"

Wayyo, 'yan'uwa! Na je in wanke sunana, na ba su abin faɗa da hannuna.

A asibiti aka ce ɗinkin ciki ya buɗe, hanji ya turo ta wurin, tumbin ma ya yi rauni. Aka sake shiga da ni tiyata. Da na farfaɗo, likita bai yi mini faɗa ba. Da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya tsaya a ƙarshen gado ya ce kawai, "Madam, saura kaɗan. Yanzu za mu koma farko, kuma wannan karon zai fi daɗewa."

Farko! Ruwa da cokali kuma!

A nan ne na shiga duhun da ban taɓa sani ba. Na juya fuskata ga bango. In an kawo ruwa, in rufe baki. Ƙarin ruwa ta jijiya kaɗai ke riƙe da ni, har hannuwana suka kumbura, masu jinya suka rasa inda za su soka allura. Baban Hannatu ya rufe shago, ya bar ɗinkin mutane, ya tare a gefen gadona.

Na ce masa, "Da ka bar ni da ƙibata. Da na mutu da mutuncina, a ce Maman Hannatu mai girki ta rasu. Yanzu dubi abin da ya rage."

Ya ce, "Abin da ya rage ɗin nake so. Ki buɗe baki."

Ban buɗe ba. Mutumin nan, wanda ban ga hawayensa ba ko ranar da muka binne ɗanmu na fari, na ga ya fita baranda yana share ido da hularsa.

Ban yi addu'a ba. Ba zan yi muku ƙarya a gaban bagade ba. A raina na ce Allah ya gaji da ni, ni ma na gaji. In ya ɗauke ni ma, hutu ne.

Wata rana da rana tsaka Mama Fasto ta zo da ɗan fulas na kunu. Ta karanta mini Maganar Allah, ban ji ko kalma ɗaya ba. Ta rufe ta ce, "Rifkatu, mu yi addu'a."

Na ce, "Mama, ba ni da abin faɗa masa."

Ta ce, "To gaya masa hakan."

Ta kama hannuna ta yi shiru, ta ƙi yin addu'ar a madadina. Muka daɗe a haka. Ana ta wucewa da keken marasa lafiya a baranda, mai gadon kusa da ni tana nishi. Na ɗauka za ta gaji ta tafi. Ba ta tafi ba.

Sai bakina ya buɗe. Ba addu'a mai tsari ba ce irin ta taron zumunta. Na ce, "Yesu, na gaji. Na roƙe ka ka cece ni daga ciwo, ka buɗe mini hanya, ni kuma na ce lallai sai ka gama a ranar da nake so. Na ji tsoron bakin mutane fiye da yadda na ji tsoronka. Ga ni nan, ko kofi ba na iya ɗagawa. In kana so in rayu, ka koya mini tafiya a bayanka, don ni gudu kaɗai na iya."

Na yi kuka har ɗinkin ya yi mini zafi, ina danne ciki da matashi. Ban ga haske ba, ban ji murya ba. Abin da ya faru ƙarami ne. Wani abu da ya ɗaure mini ƙirji tun ranar da na fara dawowa gida ya sassauta. Mama Fasto ta tambayi mai jinya ko an yarda in sha kunu, ta ce a'a, ruwa tukuna. Ta ɗebo ruwan a cokali. Na buɗe baki. Ya sauka, ya zauna. Muka jira. Ta ƙara. Kununta ma da shi ta koma gida.

Haleluya! Ku kuna iya ganin abin banza ne, amma ni a wurina mu'ujiza ce.

Bayan 'yan kwanaki Hajiya Asabe ta zo dubiya. Kunya ta hana ni kallonta. Na ce, "Hajiya, na ɓata miki biki."

Ta ce, "Biki ya wuce, amarya tana ɗakinta. Ke dai gaya mini gaskiya, me ke damunki? Yau muka fara zama katanga ɗaya?"

Na ɗaga riga na nuna mata, na gaya mata komai daga farko. Ta riƙe haɓa ta ce, "Innalillahi! Wannan kike ɓoyewa? Kika bar mu muna ta zato? Wallahi da na sani, ko ludayi ba zan bari ki taɓa ba." Sannan ta ce, "Ni ma na ji ana maganar, ban kuma tsawata ba. Ki yafe ni."

Ita ta ɗauki gaskiyar ta shiga da ita gidajen unguwa. Wasu sun yarda. Wasu har yau suna cewa labari ne muka shirya. Hannatu kuma na kira ta na ba ta haƙuri, na ce duk wanda ya tambaye ta, ta faɗa masa yadda abin yake.

Na so a ce nan shaidata ta ƙare. Amma gwajin da ya fi zafi yana gaba.

An sallame ni, ina gida ina koyon shan kunu, sai Yaya Laraba ta kwanta. Suga ya ci mata ƙafa, aka kai ta asibiti a Garwa. Da muka yi magana ta waya, muryarta ta yi ƙasa sosai. Ta ce, "Ƙanwata, ki bi abin da suka gaya miki, kin ji? Ɗayarmu dai ta tsufa mana." Ita ce maganarmu ta ƙarshe. Ba ta fito daga asibitin ba.

Da labari ya zo, na jawo jaka na fara cusa kaya ina kuka. Kun san hanyar: jirgin ƙasa zuwa Ngaundere, sannan mota har Garwa, ga zafi, ga jijjiga. Baban Hannatu bai hana ni ba. Ya kira likita ya miƙo mini wayar. Likita ya ce, "Madam, ina yi miki ta'aziyya. Ba zan iya ɗaure ki ba. Amma in ɗinkin nan ya sake buɗewa a hanya, ba za a iso da ke inda za a gyara ba."

Na zauna a bakin gado da jaka a gabana. Matar da ta goye ni, ta yi mini kitso, ta raka ni ɗakin miji! Me dangi za su ce? Na san abin da za su ce, kuma sun faɗa. Na ce, "Ubangiji, har da wannan?" Ban sami amsa mai daɗi ba. Na dai tuna abin da na roƙa da bakina a gadon asibiti. Na ciro kayan na mayar da su inda suke.

Baban Hannatu da Hannatu suka tafi a madadina. Ranar da aka binne Yaya, ina zaune a tsakar gida a Brik, Mama Fasto da Hajiya suna tare da ni, ina kurɓar kunu domin lokacin shansa ya yi. Ban taɓa shan abu mai ɗaci kamarsa ba.

Babban ɗan Yaya, Danjuma, har yanzu ba ya ɗaukar wayata. Ya ce uwarsa ta raine ni, ni kuma na zaɓi jikina. Ban ga laifinsa ba. Ku sa shi cikin addu'a.

Daga nan na fara koyon tafiya. Farko daga ɗaki zuwa ƙofar gida. Bayan wani lokaci zuwa karfur, bakin babban titi. Yanzu da safe nakan taka har unguwar Ekoudou in dawo, in na gaji in zauna a dakalin kowa ba kunya. Na koyi tauna loma har ta narke. Na koyi ajiye cokali in cikina ya ce ya isa, ko da idona bai ƙoshi ba. Ba na tsallake randebu. Likita ya haɗa ni da wata mai ba da shawara, mukan zauna in gaya mata abin da ke cin raina maimakon in kai wa tukunya. Da farko na ga abin kunya ne mace mai bi ta je tana zazzage cikinta ga baƙuwa. Yanzu na san nan ma hannun Allah ne.

Ba zan ce muku komai ya dawo daidai ba. Bitamin da maganin ƙarin jini, an ce har ƙarshen raina. Fatar da ta saki tana nan, shi ya sa kuke ganina kullum da riga mai dogon hannu. Akwai ranakun da nake tashi da baƙin ciki ban san daga inda ya zo ba. Abincin da ya zauna jiya, yau yana iya ƙi. Manyan bukukuwa sun koma hannun wasu, yanzu ƙananan girki nake karɓa, ina zaune a kujera wasu suna ɗaga tukunya. In na dubi madubi, wani lokaci fuskar Inna nake gani a ƙarshen kwanakinta, in yi sauri in kau da kai.

Amma ƙodata ta tsaya inda take, ba ta ƙara lalacewa ba. Ina kwanciya in yi barci kamar kowa. Likita ya ce in damina ta wuce zan iya zuwa Garwa. Zan je in tsaya a kabarin Yaya, sannan in ƙwanƙwasa ƙofar Danjuma. Ban san ko zai buɗe ba. Zan dai je.

Na gode wa Allah da bai biye wa gaggawata ya bar ni na hallaka ba. Na gode wa Yesu da ya saurari addu'ar da ba ta da kan gado. Baban Hannatu, ga ka can baya ka sunkuyar da kai, na gode. Mama, na gode da shirunki na ranar nan. Hajiya ba ta cikinmu a nan, amma ku roƙa mata albarka.

In akwai mai jinya a cikinmu yau, ɗan'uwana, 'yar'uwata, kada ka yi tsere da bakin mutane, ba za ka ci ba. In kuna da mai jinya a gida, ku daina tambayarsa, "Har yanzu ba ka warke ba?" In kun ga wani ya rame, ku je ku gaishe shi kafin ku laƙaba masa suna. Ku dogara ga Yesu ko da warkarwarsa ta zo a hankali, ko da ta bar tabo. Bai yashe ni ba, ba zai yashe ku ba!

An sanar cewa bayan sujada akwai abincin zumunta a waje. Yau zan zauna tare da ku. Za ku ga ɗan abin da ke cikin farantina, don Allah kada kowa ya ce in ƙara. Za ku gama ku wanke hannu, ni ina nan ina tauna. Wanda ba ya sauri, ya zo ya zauna kusa da ni.

Ɗaukaka ga sunan Ubangiji. Amin.